Yadda Ake Gina Filin Kilisar Doki a Gida Wanda Damina Ba Za Ta Mayar da Shi Kududdufi Ba

Duk wanda ya zo mini da maganar yi wa dawakinsa filin kilisa a gida, tambayarsa ta farko ita ce tipa nawa ta yashi zai saya. Da na ji haka nake sanin asara na jiransa. Yashi shi ne abu na ƙarshe, filin gaskiya yana ƙarƙashinsa. Ni ma da yashin na fara, kuma na ji a jikina.

Fara da zaɓen wuri, amma kada ka zaɓa da rani. A watan Maris kowane fili a Kano kyakkyawa ne. Bari sai Agusta, washegarin da aka kwana ana ruwa, ka je da sassafe ka ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi. In ka tarar wurin kwari ne, ko ƙasarsa yumɓu ce mai kama takalmi, nemi wani gefen tun kuɗinka na aljihu. Girman da aka saba shi ne mita 20 a faɗi, 40 a tsawo, wato kusan ƙafa 66 da 131, ka ga fuloti ɗaya ba zai ɗauka ba. Mai ƙaramin wuri ya yi zagayayye mai faɗin mita 18, ya ishi horon doki ɗaya. Sukuwa ta sosai dai sai a fita waje, wannan na motsa jini ne da koyar da linzami.

Sai a kankare ƙasar sama, kamar santimita 15 zuwa 20, a kwashe ta gaba ɗaya. Gonakin kewayen Kano an daɗe ana kai musu takin shara daga cikin birni, don haka za ka sha mamakin fasassun kwalabe da ƙusoshi da ledar da za su fito. In akwai shuri, a tone shi har gindi a cike ramin a daddaɓe, in ba haka ba wata rana ƙafar doki ce za ta gano maka shi.

Yanzu ga inda na faɗi. Filina na farko, can wajen Kumbotso, na sa an baje shi sumul kamar faranti, ina ta alfahari. Wani dattijo da ya tsufa a hidimar barga ya zo ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Alhaji, ya yi kyau, amma in ruwa ya sauka ta ina zai fita?" Na ce yashi zai shanye. Ya yi murmushi kawai ya ce Allah ya sa alheri. Ruwan Agusta na zuwa, tsakiyar filin ta zama kududdufi har da kwaɗi, yashin da na zuba ya cakuɗe da laka, sati uku ba a ɗaura sirdi a wurin ba. Da ya bushe kuma sai ya ƙame kamar daɓen siminti. Sai da na kwashe komai na sake daga tushe, kuɗi biyu.

Abin da ake bukata gangara ce wadda ido ba ya gani amma ruwa ya san da ita: santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A faɗin mita 20, gefe ɗaya zai fi ɗayan tsawo da santimita 20 zuwa 40. Ni na fi son a karkatar da filin duka zuwa gefe guda ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba, don ruwa ya yi gajeriyar tafiya. Wasu na ɗaga tsakiya ruwa ya rabu biyu, amma leburori ba sa iya fitar da shi daidai, kuma lambatu biyu zai ci maka. Kada ka yarda da awon ido, ko da magininka ya rantse. A kafa turaku duk bayan mita 5, a ɗauki awo da siririn tiyon ruwa irin na magina, a ja igiya. A ƙasar asali ake fitar da gangarar nan, ba a yashi ba, domin yashi kofato zai watsa shi cikin kwana biyu.

A kan wannan ne ake shimfiɗa burji, jar ƙasar nan mai tsakuwa da ake yin hanya da ita, kaurin santimita 15 bayan an danne. Ba a zuba shi lokaci ɗaya. A zuba rabi, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba caɓi ba, rola ta bi ta sake bi, sannan a ƙara sauran a maimaita. Hayar rola na da tsada, na sani, kuma za a ce maka leburori da madaɓi sun isa. Ba su isa ba. Gara ka rage kuɗin shinge ka biya mai rola, kuma ka tsaya a kansa, don in ka juya baya sau biyu zai zaga ya kashe injin. Gwajin mai sauƙi ne: shiga da mota, in taya ta bar gurbi, da saura. Daga nan ka haƙura a yi ruwa ɗaya ko biyu a kai kafin yashi ya zo. Duk inda ruwa ya taru ka zagaye shi da toka, a cike, a sake dannewa.

A gefen da ya fi ƙasa a haƙa lambatu mai zurfin kamar rabin mita, a wajen shinge, a cika shi da duwatsu. A gefen sama ma a ja ƙaramin rami da zai kare ruwan da ke gangarowa daga waje. Ka kuma san inda ruwanka zai ƙare. In ka sake shi jikin katangar maƙwabci, musamman in ta ginin ƙasa ce, kai da mai unguwa ne.

To, yanzu yashi. Yashin kogi mai ɗan kaushi ake so, ba rairayi mai laushin gari ba. Kafin tipa ta juye, ɗebi kaɗan a gorar ruwa ka girgiza ka ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a samansa, mayar da shi. Fara da kaurin santimita 5, kada ka wuce 8. Ana ganin yawan yashi gata ne ga doki, alhali zurfinsa ne ke gajiyar da shi ya kumbura masa jijiyar ƙafa. Mai koya wa dokinsa zamiya saboda jafin hawan Sallah ma ƙasa mai ƙarfi yake bukata da yashi kaɗan a sama. A jera katako ko bulo a gefuna don tare yashin, a bar ƙananan kafofi ta ɓangaren lambatu.

Shinge ya kai mita ɗaya da ɗan ɗoriya, katakon ya kasance ta ciki, ginshiƙai ta waje don gwiwar mahayi. Waya mai ƙaya kuwa ko a kyauta kada ka karɓa. Da hunturu a yayyafa ruwa da safe saboda ƙura, kuma ban da baƙin mai, duk da akwai masu zuba shi. A riƙa kwashe kashi kullum. Jikin shinge inda doki ya fi bi zai yi rami, yashi ya taru a gefe, sai yaron barga ya jawo shi da manjagara duk sati kafin kofato ya fara cin burjin.