Mura ta kama mai shayarwa: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Uwa ta tashi da ciwon kai, hanci a toshe, ga atishawa ba ƙaƙƙautawa. Nan da nan sai wani ya ce ta janye jaririn daga nono kada ya sha cutar. Cikin duk kurakuran, wannan ne ya fi damuna. Mura ba ta bin nono. Tari da atishawa da hannun da ya taɓa majina ne ke yaɗa ta, kuma kafin alamunta su bayyana a jikinki, yaron da kullum yake ƙirjinki ya riga ya haɗu da ƙwayar cutar. Abin da nonon ke ɗauke da shi a lokacin, sinadaran kariya ne da jikinki ke yi don yaƙar wannan cutar. Kin hana shi tsotso, kin ɗauke masa garkuwa ke nan a ranar da ya fi bukatarta, ke kuma nono ya cika ya ɗaure, wani lokaci har ya kai ga kumburi da zazzaɓi. Ki ci gaba da ba shi. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi, ki sa takunkumi lokacin shayarwa. In jiki ya yi nauyi ƙwarai, ki tatsa wani ya ba shi.

Wajen magani ne ya kamata a ji tsoro. Maganin mura na gama-gari yakan haɗa sinadarai uku ko huɗu a ƙwaya ɗaya, ba kowa ke juya kwalin ya karanta ba. Idan kin ga an rubuta pseudoephedrine, mai buɗe hanci, ki ajiye shi, domin yana rage ruwan nono. Ruwan gishirin da ake ɗigawa a hanci da sirace sun fi miki. Kodin, wanda ake sawa a wasu magungunan tari, ya fi wannan muni. Hanta ce ke mayar da shi mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, jikin wasu matan kuma yana yin hakan da sauri fiye da kima ba tare da sun sani ba, sai mofin ɗin ya bi nono, jariri ya yi ta barci, ya kasa tsotso, numfashinsa ya yi ƙasa. Shi ya sa a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa kan kodin da tiramadol. Asfirin ma ba na ciwon kan mai shayarwa ba ne, sai in likita ya rubuta don wani dalili.

Farasitamol da ibufurofen sun dace da shayarwa, illa dai mai olsa ta nisanci na biyun. Kuskuren da ake yi da farasitamol shi ne shan sa sau biyu ba a sani ba: ga ƙwayar, ga kuma maganin mura mai ɗauke da shi. Babba bai kamata ya wuce giram 4 a sa'o'i 24 ba, fiye da haka yana lahanta hanta.

Sai neman maganin kashe bakteriya. Bairas ne ke kawo mura, wannan maganin ba ya taɓa shi.

Akwai masu gudun allurar rigakafin mura mai tsanani, wato infuluwenza, suna cewa sai sun yaye. Ba sai an jira ba. Allurar ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, don haka ba za ta sa miki cutar ba, iyakarta ɗan ciwon hannu ko kasala ta kwana ɗaya ko biyu. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba, shi ya sa kariyarsa take hannun masu renonsa. Kariyar takan kankama bayan kamar mako 2, kuma duk shekara ake sabuntawa saboda ƙwayar cutar tana sauya kama. Idan kuwa zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki suka rufe ki farat ɗaya, ki ga likita da wuri, ki faɗa masa kina shayarwa. Wataƙila infuluwenza ce, kuma maganinta da ake kira Tamiflu ya fi aiki idan an fara shi cikin sa'o'i 48.

Zuma a ruwan ɗumi tana lallashin maƙogwaronki, amma kada ki lasa wa yaron da bai cika shekara ba. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, da zarar zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi nono, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in yana numfashi, a kai shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.