Matakan Tsaftace Bakin Feshi na Injin Wanki da Sauya Shi

A wuraren wankin motoci da manyan injina a Jos, yashin da ke biyo ruwan rijiyar burtsatse yana cikin abubuwan da suka fi lalata bakin feshi na injin wanki mai fesa ruwa da ƙarfi.

Da farko, a kashe injin, a rufe famfo, sannan a matsa kunamar bindigar feshin har sai ragowar ƙarfin ruwan ya fita, domin ruwan da ya maƙale a cikin tiyo yana iya yanka fata.

Bayan haka a kwance bakin, a ɗaga shi sama a duba raminsa a haske. Idan toshewa ce, a jiƙa shi cikin ruwan khal, a goge da tsohon burushin haƙori, a kuma tura ruwa ta gabansa don dattin ya koma ta inda ya shigo. Kada a zura masa ƙusa, ko da ana sauri, saboda tana faɗaɗa ramin, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya gyaruwa: ƙarfin ruwa zai ragu, feshin ya karkace.

Idan har ya kai haka, sai sauyi. A sayi mai lamba ɗaya da tsohon, a lura da launi, domin shi ke nuna faɗin feshin: ja digiri 0 ne, rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi kuwa na sabulu ne. Ja bai dace da fentin mota ba.

Kafin a ɗaura sabon, a sauya zoben roba idan ya tsage, a wanke matatar da ke mashigar ruwa, sannan a gwada feshin a ƙasa.