Yadda ake tono tarihin tsohuwar mashaya a Landan da mutanen da suka riƙe ta

Duk wanda ya taɓa yawo da ƙafa a tsakiyar Landan ya san su: gine-gine masu baƙar ƙofa da allo a rataye, an zana zaki ko kambin sarauta, a ƙasa kuma an rubuta shekara. Mashaya ce. Ni ba mashayi ba ne, kuma ba kiran kowa nake yi ya shiga ba. Abin da ya ja ni shi ne takardu. A Ingila ta da, mashaya ta daɗe tana yin aikin da zaure da tasha da masauƙin baƙi suke yi a haɗe: a nan ake sauke matafiya, ake gwanjon kaya, ake taron ƙungiyoyin ma'aikata, har ma ake zaman binciken musabbabin mutuwa idan an tsinci gawa a unguwa. Kuma da yake hukuma ba ta taɓa yarda da masu sayar da giya ba, ta yi ta rubuta sunayensu shekara bayan shekara. Shi ya sa mai neman tarihin talakawan wata unguwa zai fi samun sa a ƙofar mashaya fiye da ƙofar fada.

Mataki na farko: kada ka gaskata allon

Fara da ajiye shekarar da aka rubuta a bango gefe guda. Talla ce. A Nottingham akwai Ye Olde Trip to Jerusalem da ke iƙirarin 1189, a St Albans kuma Ye Olde Fighting Cocks na cewa 793, amma masana tarihi ba su ga takardar da ta tabbatar da ko ɗaya ba. A Landan kanta akwai katangar da ba ta tsallakuwa: gobarar 1666 ta cinye galibin tsohon birni. Ye Olde Cheshire Cheese da ke Fleet Street ta fi wasu gaskiya, domin allonta cewa ya yi an sake gina ta a 1667.

Don haka raba tambayarka gida uku tun daga farko: yaushe aka fara sayar da giya a wannan fili, yaushe aka yi ginin da ke tsaye yanzu, kuma yaushe aka laƙaba sunan. Amsoshin kusan ba sa zama ɗaya. Dubi George Inn da ke Borough High Street a Southwark. Masauƙin ya girmi gininsa, domin gobarar 1676 ta lashe na farko, aka sake tayar da shi a 1677. Daga baya kamfanin jirgin ƙasa ya rushe yawancinsa don gina ɗakunan ajiya, abin da ya rage ɓangare ɗaya ne, wanda National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, ta karɓa a 1937.

Mataki na biyu: kafe filin a taswira

Suna yana canzawa, lambar gida tana canzawa, sunan titi ma yana canzawa, fili ne kaɗai ba ya tashi. Shiga shafin Ɗakin Karatu na Ƙasa na Scotland, inda aka ɗora tsofaffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, kyauta, har da na Landan. Nemo ginin a taswirar yau, sannan ka jera ta da ta ƙarni na 19. Inda ka ga haruffan P.H. a kan gini, mashaya ce. Lura da lungun da ke gefenta da kwanar da take fuskanta, su ne shaidarka nan gaba.

Ni na koyi wannan da tsada. Na taɓa kwashe kwana biyu ina jera sunayen masu wata Red Lion, har na fara murna, kafin na gane cewa biyu ce masu sunan a unguwa ɗaya, kuma na cakuɗa mutanensu. Red Lion da Crown da Royal Oak sun yi yawa a Ingila kamar Musa da Sani a rajistar makaranta. Wani lokaci kuma sunan ne ke ɓacewa ya dawo: Ten Bells da ke Spitalfields ta koma Jack the Ripper daga 1976 zuwa 1988, sannan aka mayar mata da sunanta.

Mataki na uku: yi tafiyar da baya-baya

Kada ka faɗa can cikin 1700 ka ce za ka taho. Fara daga abin da ka tabbatar, ka riƙa ja baya shekara biyar-biyar. Kayan aikinka a nan su ne kundayen adireshin 'yan kasuwa, irin na Kelly da na Pigot, waɗanda a da ake bugawa akai-akai da sunan kowane titi da mai sana'ar da ke kowace ƙofa. Jami'ar Leicester ta ɗora da yawa a intanet. Buɗe shafin titinka, rubuta shekara, lambar gida, sunan mashaya da sunan mai riƙe da ita. Rubuta maƙwabta biyu na dama da hagu su ma. Ranar da lambar gida ta tashi daga 14 ta koma 63, mai burodin da ke gefe shi zai gaya maka ba ka ɓata ba. Ka tuna kuma ana tattara bayanan watanni kafin a buga, saboda haka mutum na iya fitowa a kundin wata shekara alhali ya riga ya kwanta dama.

Mataki na huɗu: rajistar lasisi

Nan ne naman yake, sai ka ɗan zauna. A 1552 doka ta ce ba mai buɗe mashaya sai da izinin alƙalan gunduma, kuma sai an samu masu tsaya masa cewa ba zai bar caca da rigima a gidansa ba. A 1753 aka tilasta wa magatakarda ajiye rajista. Na Landan da Middlesex da dama suna The London Archives a Clerkenwell, wadda aka fi sani da tsohon sunanta London Metropolitan Archives. Kalmar da za ka nema a katalogi ita ce "victualler", domin da ita ake kiran mai lasisin a takardun hukuma. Kada ka tsallake sunayen masu lamuni. Sau da yawa za ka tarar mai mashayar gaba ne ya tsaya wa na baya, ko suruki, ko mai kamfanin giyar da ke bin sa bashi.

Akwai rami a hanya. Daga 1828 aka daina wajabta wancan lamunin, rajista ta yi ƙaranci har zuwa dokar 1872 da ta dawo da ita. A tsakiyar ramin kuma dokar 1830 ta ba kowane mai gida damar sayar da giya idan ya biya fam 2 da sule 2, ba tare da ya ga alƙali ba. Dubban ƙananan wurare suka buɗe, ba su dawo hannun alƙalai ba sai 1869. Irin waɗannan a kundin adireshi "beer retailer" kawai ake rubutawa gaban sunan mutum, babu sunan mashaya. Idan taka ta ɓace a waɗannan shekarun, can za ka neme ta.

Wani abu da ke rikita baƙo: wanda Turawa ke kira "landlord" a mashaya galibi ba shi ne mai ginin ba. Ɗan haya ne. Kamfanonin giya irin su Truman na Brick Lane su suka mallaki gidajen, suka ɗaure mai riƙon da sharaɗin kada ya sayar da ta kowa sai tasu. Idan ka gano kamfanin, nemi littattafan hayarsa.

Mataki na biyar: shiga cikin gidan

Rajista ta ba ka suna, ƙidayar jama'a za ta buɗe maka ƙofa. Ana yin ta duk shekara goma, kuma daga 1841 take ɗauke da sunaye. Ta 1841 tana rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, kada ka dogara da ita wajen lissafin haihuwa. Daga 1851 za ka ga mata da 'ya'ya da barori da 'yan haya, da garin da aka haifi kowa. Ta ƙarshe da aka buɗe ita ce ta 1921. Ta 1931 ta ƙone a 1942, ba a kuma yi ta 1941 ba saboda yaƙi, sai dai ka cike giɓin da rajistar jama'a ta 1939.

Sa ido a kan mata. Idan miji ya mutu, lasisin kan koma hannun matar, ta riƙe shekaru, sai ta yi aure lasisin ya fito da sunan sabon miji. Mai gaggawa zai rubuta masu riƙo uku, alhali mace ɗaya ce a bayan kanta tun farko. Takardar aure ko wasiyya ce ke warware wannan.

Mataki na shida: jaridu da kotu

Yanzu da sunaye a hannu, sa su ɗaya bayan ɗaya a British Newspaper Archive, rumbun tsofaffin jaridu a intanet wanda ake biya, da London Gazette, inda ake shelar waɗanda suka karye. Shari'o'in Old Bailey, babbar kotun laifuka ta Landan, daga 1674 zuwa 1913 suna intanet kyauta, kuma a can za ka ji mai mashaya da bakinsa yana ba da shaida kan kofin kuza da aka sace masa, yana faɗin inda ya ajiye shi da wanda ke zaune kusa da murhu. Takardun inshorar gobara na kamfanin Sun, wanda aka kafa a 1710, su kuma za su gaya maka ko ginin na bulo ne ko na katako, da kuɗin da aka yi wa kayan ciki. Jarida ba ta raina abin dariya: akun Cheshire Cheese mai suna Polly da ya mutu a 1926 ya samu ta'aziyya a jaridu har a ƙasashen waje.

Duk abin da ka samu, rubuta inda ka samo shi a layi ɗaya da sunan, kuma kada ka shigar da mutum jerinka na ƙarshe sai takardu biyu da ba su kwafi juna ba sun ambace shi. Bayan haka ka ɗauki taswirarka ka je ka tsaya a tsallaken titi. Ɗaga kai sama da allon, domin can kusa da rufi ake samun sunan tsohon kamfani ko shekarar gini a jikin bulo, inda mai fenti bai kai ba.