Yadda Ake Zirga-zirga a Garin da Ka Je Hutu: Bas, Keke ko Hayar Mota

Baƙo ko da ido makaho ne. Mutum zai tanadi kuɗin jirgi da na masauki tsaf, sai ya sauka ya tarar bai san yadda zai tashi daga ƙofar otal zuwa wurin da ya zo gani ba. A nan ne kuɗi ke zurarewa, a tasi da tara da hayar motar da za ta kwana uku a ajiye ba a taɓa ta ba. Shawarata ita ce kada ka zaɓi abin hawa guda ka ce shi ne na dukan hutun. Kowace rana da abin da ya dace da ita.

Mataki na farko: raba kwanakinka tun kana gida

Buɗe taswira a waya, ka sa alama a masaukinka da duk wuraren da kake son zuwa. Za ka ga sun kasu uku. Akwai na cikin gari, inda cunkoso yake kuma wurin fakin ke wahala: waɗannan na bas ne da jirgin ƙasa. Akwai na kusa, kilomita biyu zuwa shida, a bakin ruwa ko cikin lambu ko tsohon gari mai lunguna: waɗannan na keke ne. Sai na nesa, ƙauyuka da tsaunuka da gaɓar teku inda bas ke zuwa sau biyu ko uku a yini. Su kaɗai ne suka cancanci hayar mota, don haka ka tara su a kwanaki biyu ko uku a jere, ka ɗauki mota na waɗannan kwanakin kawai.

Kafin ka rufe wayar, sauke taswirar garin a Google Maps yadda za ta yi aiki ko babu intanet. Manhajojin Citymapper da Moovit suna nuna lambar bas da lokacin isowarsa a manyan birane da yawa. Rubuta adireshin masaukinka a takarda da harshen mutanen garin, domin caji na ƙarewa, takarda kuwa tana nan.

Mataki na biyu: koyi bas a ranar farko

Abin da ke kunyata baƙo a bas shi ne biyan kuɗi, saboda kowane gari da tsarinsa. Bas-bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin Oyster ko katin banki da ake ɗorawa a kan na'ura, kuma sau ɗaya ake ɗorawa, lokacin shiga. A Dubai katin Nol ake amfani da shi, a Istanbul kuma Istanbulkart. A Dubai da Singafo da Holan sai ka ɗora kati yayin shiga, ka sake ɗorawa yayin sauka. In ka manta na biyun, za a cire maka fiye da kuɗin tafiyar da ka yi. A Kyoto ta Japan yawanci ta ƙofar baya ake shiga, a biya a gaba wajen direba lokacin fita. Luksambok kuwa ta mayar da bas da taragu (ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan cikin gari) da jirgin ƙasa kyauta tun 2020, ban da ɓangaren alfarma na jirgin.

Tarkon da ya fi kama mutane yana Italiya da Jamus da wasu ƙasashen Turai. A can sayen tikitin takarda bai isa ba. Da ka shiga, akwai ɗan akwati a jikin ƙarfen riƙewa, sai ka zura tikitin ya buga masa kwanan wata da lokaci. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu. Masu binciken tikiti sukan shigo ba zato, wani lokaci cikin kayan gida, kuma cewa kai baƙo ne ba ya hana su rubuta tara.

Tambayi mai sayar da tikiti abu biyu: ko akwai tikitin yini ko na mako, da kuma ko tikiti ɗaya na ba da damar canza bas. A Landan, misali, duk bas ɗin da ka shiga cikin awa guda kuɗi ɗaya ne, kuma akwai iyakar abin da za a cire maka a yini.

A tasha, lambar bas kaɗai ba ta wadatar ba. Duba sunan tashar ƙarshe da aka rubuta a goshinsa, don lamba ɗaya ce ke zuwa ke dawowa, kuma a ƙasar da ake tuƙi a wani ɓangaren da ba ka saba ba, da sauƙi ka tsaya a tsallaken da bai dace ba. Ɗaga hannu in ya taho, domin a wurare da yawa direba ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. In za ka sauka, danna maɓallin ƙararrawa kafin a iso. Sannan ka san lokacin bas na ƙarshe, musamman ranar Lahadi da ranakun hutu da ake rage zirga-zirga. Wanda ya tafi kallon faɗuwar rana a bayan gari bai duba wannan ba, kuɗin tasin dawowa zai cinye duk abin da ya tara.

Mataki na uku: keke, in garin ya yarda

Ba kowane gari ne na keke ba. Dubi titi da idonka: akwai hanyar keke da aka ware, kuma kana ganin tsofaffi da mata da yara a kai? In haka ne, hau. In kuwa ba ka ganin kowa sai matasa 'yan tsere suna kutsawa tsakanin manyan motoci, haƙura.

Haya iri biyu ce. Akwai kekunan gari da ake cirewa daga tasha da manhaja ko kati, irin Vélib' na Paris da aka fara a 2007, da na Landan a 2010, da Citi Bike na New York a 2013. An tsara su ne don gajeriyar tafiya, kusan rabin awa, daga nan kuɗin ya fara hauhawa. Dabarar ita ce ka mayar da keken a tasha, ka yi yawonka da ƙafa, ka ɗauki wani. Idan ka tura shi cikin maƙalarsa, tsaya sai ka ga fitila ta nuna ya kulle, ka ɗan ja shi ka tabbatar. In bai kama ba, lissafi na ci gaba da sunanka. Don yini guda cur kuwa, shagon haya ya fi sauƙi.

Gwada keken a gaban mai shago. Daidaita sirdi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Matsa tayoyi, kaɗa ƙararrawa, kunna fitila. Birki ne abin lura na musamman: a Ingila hannun dama ne ke kama tayar gaba, a Amurka da yawancin Turai kuwa hannun hagu ne. Wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi a gangara yana zaton na baya ne, ta kan sitiyari zai wuntsila. Kekunan Holan da yawa ma ba su da birkin hannu, feda ake murzawa baya su tsaya.

A kan titi, bar tazarar kusan mita ɗaya tsakaninka da motocin da ke fake, saboda ƙofa na iya buɗewa ba sanarwa. Layin taragu kuma a gicciye ake tsallake shi, in ba haka ba taya ta faɗa cikin ramin ƙarfen. Hular kwano dole ce a Ostareliya da New Zealand, a Holan ba dole ba ce, amma ni dai ina ganin baƙon da bai san titi ba ya fi kowa buƙatarta. In ka sauka, ɗaure gangar jikin keken da wani ƙarfe kafaffe, ba taya kaɗai ba.

Mataki na huɗu: hayar mota

Nan ne ake tafka asara, don haka sai a bi a hankali. Takardu tukuna. Ƙasashe da yawa suna neman lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda ake karɓa a ƙasar da ta ba ka lasinka kafin ka tashi, kuma ba ya aiki sai tare da lasin na asali. Iri-iri ne: na yarjejeniyar Janiba ta 1949 shekara ɗaya yake yi, na Biyana ta 1968 yana kaiwa uku. Japan na 1949 take karɓa. Kamfanoni da yawa suna ƙara kuɗi ga direban da bai kai shekara 25 ba, kuma suna riƙe kuɗin ajiya a katin bashi mai sunan direban. Katin cire kuɗi na yau da kullum ba kowa ke karɓarsa ba, sai ka tambaya tun kafin ka biya. Ka kuma duba giya: a Turai motocin haya da yawa masu kuloci ne, otomatik ta fi tsada kuma tana saurin ƙarewa.

Farashin da ka gani a talla ba shi ne farashin ba. Inshorar da ke cikinsa yawanci tana barin wani kaso a wuyanka idan mota ta lalace, kuma sau da yawa ba ta haɗa da taya da gilashi da ƙarƙashin mota. Tambayi adadin wannan kason a rubuce. Ma'aikacin kamfanin zai matsa maka ka sayi ƙarin inshora. Wani lokaci tana da amfani, amma ka yanke shawara tun a gida, kada gajiyar jirgi ta yanke maka. Wajen mai, zaɓi tsarin karɓa da cikakken tanki ka mayar da cikakke. Tambayi ko akwai iyakar kilomita, da kuɗin direba na biyu, da izinin tsallake iyaka zuwa wata ƙasa.

Kafin ka tayar da mota, zagaya ta da waya kana ɗaukar bidiyo. Durƙusa ka duba ƙasan bamba da bakin kowane wili, inda gogar gefen titi ke barin ƙwarzane. Haska gilashin gaba don ganin tsagewar da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Ɗauki hoton mitar mai da ta kilomita, buɗe but ka ga safaya da jak. Duk tabon da babu shi a takardar, kira ma'aikaci ya rubuta ya sa hannu. Buɗe murfin tanki ka karanta ko fetur take sha ko dizal. Idan aka yi kuskuren zuba wanda ba shi ba, kada a tayar da injin, a kira kamfanin.

A Ingila, Japan, Indiya, Tailan, Malesiya, Kenya, Afirka ta Kudu da Ostareliya a hagu ake tuƙi. Hatsarin ba a babban titi yake ba, inda kake bin na gabanka. Yana wurin fitowa daga gidan mai ko kan hanyar da babu kowa da sassafe, lokacin da hannu ke komawa ga sabonsa. Riƙe wannan: kujerar direba kullum tana ɓangaren tsakiyar titi. A Ingila da Amurka alamun gudu da mil suke, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

Sai kuma batun tara, wadda kyamara ke yankewa ba tare da ka ga ɗan sanda ba. Tsakiyar tsofaffin biranen Italiya kamar Roma da Fulorans suna da yankunan da aka rubuta ZTL, waɗanda baƙuwar mota ba ta shiga a wasu sa'o'i. Landan na karɓar kuɗin cunkoso tun 2003. Manyan titunan Suwizalan da Ostiriya sai da shaidar biyan kuɗin hanya, Dubai kuma tana da ƙofofin Salik da ke cirewa kai tsaye. Takardar tara kan iso bayan watanni, kamfanin haya kuma ya ɗora nasa kuɗin na aikin takarda. Mafita mai sauƙi ita ce ajiye mota a gefen gari a shiga da bas. Ajiye lambar agajin kamfanin da ta gaggawa: 112 a Tarayyar Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka.

Ranar mayarwa, cika tanki a gidan mai mafi kusa ka riƙe rasit. Isa da wuri, don ana lissafin haya ne da awa 24, kuma makarar awa guda na iya zama kuɗin yini. Yi ƙoƙari ka mayar lokacin da ofis ke buɗe, ma'aikaci ya duba a gabanka ya ba ka takardar cewa lafiya ta dawo. Sake ɗaukar bidiyo, ka adana shi da takardun har sai kuɗin ajiyarka ya koma asusunka.