Yadda Ake Shirya Tattakin Rukuni Daga Yamai Zuwa Ƙetaren Kogi

Lokacin da ya fi dacewa da wannan tattaki shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu, domin a lokacin ne sanyin hunturu yake rage zafin rana, kuma kogin Isa, wato kogin Neja, yakan cika da ruwan da ya taso tun daga ƙasar Gini. A sa lokacin haɗuwa bayan sallar asuba, kowa ya zo da gorar ruwa da hula da takalmin da ƙafarsa ta saba da shi.

A fara daga bakin gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, a tsaya a tsakiyarta jagora ya yi wa jama'a bayanin yadda Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi nan a 1926. Daga nan sai a sauka Harobanda, unguwar Yamai da ke ƙetaren kogin, a wuce Jami'ar Abdou Moumouni, a bi ta gefen lambuna da gonakin shinkafa, a nufi duwatsun nan uku da ake hangowa daga cikin gari. Wajibi ne shugaban rukuni ya tuntuɓi jami'an tsaro tun kwana ɗaya kafin a fita, kuma duk iyakar da suka gindaya a tsaya a kanta.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne yadda ake shiga ƙauyukan da ke kan hanya. Mazaunansu galibi Zabarmawa ne da Fulani, saboda haka a samu wanda yake jin harsunansu ya yi gaba, a fara da gidan maigari, a gaishe shi, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa ko a ratsa gonar wani. Idan ya haɗa ku da dattijo, ku zauna ku saurare shi ko da hakan zai rage tsawon tafiyar, domin labarin kafuwar gari da tsofaffin mashigan jiragen kwale-kwale a bakinsu yake, ba a rubuce a allo ba.

A tafi da takun wanda ya fi kowa rauni, a kuma sa mutum ɗaya a baya don kada a bar kowa. Kafin hantsi ya yi zafi a juyo, a ƙarasa a gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, inda aka adana kututturen bishiyar Tenere, itacen da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamadar Tenere har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973.