Kurakuran da ke hana mai zanen kwamfuta cin guminsa a Damagaram

Akwai wani tela kusa da gidanmu a Zango da bai taɓa buɗe kwamfuta ba, amma da ina da iko, duk yaron da ke koyon zane sai na tura shi shagonsa ya zauna wata guda kafin ya sake taɓa Photoshop. Ba ɗinki zai koyo ba. Zai ga yadda ake karɓar aiki ne: mutumin nan ya auna ka, ya rubuta a littafi, ya faɗi kuɗinsa yana kallon idonka, ya karɓi rabi, ya sa maka rana. Mu masu zanen katin biki da afish da tambarin shago mun fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba, shi kuwa ya fi mu cefane. Na jima cikin sana'ar nan, kuma in na tuna asarar da na tafka, mafi yawanta ba gaban kwamfuta na yi ta ba. A bakin ciniki na yi ta, tun ban ja layi ko ɗaya ba.

Kuskuren da ya fi cin mu shi ne kunyar faɗin kuɗi. Babban mutum ya kira ka, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ya ce yana son allon shago da kati, ya tambaya nawa ne. Sai ka sosa ƙeya ka ce, "Alhaji, ai ku iyayenmu ne, ku ba da abin da ya sauwaƙa." Shi kuma ya ce, "Madalla, yarona, Allah ya yi albarka." Ka kwana uku kana aiki, ya miƙo maka kuɗin kabu-kabu, ka fito kana cizon yatsa. Laifin ba nasa ba ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana saye da sayarwa a Kasuwar Dole ya san abin da ba a sa wa kuɗi ba kyauta ne, kuma duk abin da ya ba ka a kai alheri ya yi maka. Ladabi da farashi ba sa faɗa. Ka durƙusa ɗin, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce, "Alhaji, allon jikka kaza ne, katin jikka kaza, ban da kuɗin bugawa. Rabi yanzu kafin alƙalami, rabi ran da na kawo." Da wuya ya ji haushi. Zai taya, ku daidaita, kuma daga ranar zai riƙa yi maka kallon mai sana'a.

Ko kun daidaita da baki, ka rubuta masa a WhatsApp da lambobi. A garin nan muna lissafi da dala, dala kuwa sefa 5 ce, don haka "ɗari biyar" a bakin wani sefa 2,500 ne, a kunnen wani yaron lakwal kuma 500. Na taɓa ganin zumunci ya yi tsami a kan wannan kaɗai. In mai aikin daga Kano ko Daura ko Maigatari yake, kuma da naira zai biya, ka tsayar da kuɗinka a sefa, a canza da farashin ranar biya. Naira ba ta kwana inda ta yini.

Nawa za ka ce? Kada ka leƙa abin da wani yake karɓa ka rage kaɗan don ka ƙwace masa mutum. Shi ma wani zai rage ƙasa da naka, ƙarshe ku duka ku koma yi wa gari bauta. Ka zauna da biro ka tara abin da wata yake ci maka: intanet, kuran ko man janareto, zirga-zirga zuwa wurin bugawa, abin da kake ajewa saboda ranar da kwamfutar za ta mutu, da cefanen gida. Ka raba da yawan aikin da kake iya gamawa a wata ba tare da ka yi wa kanka ƙarya ba. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashinka. Duk aikin da ya gaza haka, kai ne kake biyan mai shi.

Sai maganar gyara, wadda ita ce ramin da rabin kuɗin ma yake zurarewa. "Ɗan ƙara girman sunan." "Hajiya ta ce shuɗi ya fi." "Mai da shi yadda yake da farko." Tela in ya gama riga ka ce a sauya wuya, sabon ciniki ne. Ka faɗa tun farko cewa gyara biyu yana cikin kuɗin, na uku da kuɗinsa. Ka kuma tambayi wane ne mai magana ta ƙarshe, domin katin aure guda yana iya samun alƙalai shida: ango, amarya, uwar amarya, gwaggo, babban aboki da wata ƙawa da ke Yamai tana aiko da saƙon murya. Ka ce su haɗa bakinsu, mutum ɗaya ya riƙa yi maka magana. Kafin a biya cikon kuɗi kuma, samfurin da za ka tura ya zama ƙarami, da sunanka kwance a tsakiyarsa. In ka tura cikakke, an gama da kai, sai dai ka riƙa jin "gobe in sha Allah" har Sallah ta zagayo.

Neman masu ba da aiki a inda ba sa nan

Yara da yawa sun ɗauka in sun zuba zanensu a Facebook da status, aiki zai biyo su har fada. Ka duba waɗanda ke yaba maka: abokan shan shayinka ne da wasu masu zane irinka. Ba ɗayansu da zai ba ka aiki. Mai kuɗin biya yana kanti yana auna shinkafa, ko yana ofishin makarantarsa yana lissafin kuɗin ɗalibai. Shi sai ka taka ka same shi.

Ka buga ayyukanka biyar ko shida mafi kyau a takarda mai kauri, ka sa a jaka. Abin da hannu ya taɓa ya fi abin da aka leƙa a salula shiga rai. Ka bi masu sayar da turare da humra, masu kilishi, masu haɗa yaji da garin kunu, matan da ke sabulu da man shafawa a gida suna ɗurawa a roba ba suna ba lamba. Kada ka ce da Hajiya "ina yin zane", ba abin da zai shige mata. Ka ce, "Hajiya, in kayanki suka je Agadas ko Diffa wani ya ji daɗinsu, yaya zai yi ya same ki?" Daga nan magana ta buɗe. Ranar Alhamis da kasuwa ke cika ba ranar wannan hira ba ce, kowa hankalinsa na kan ciniki. Ka je ranar da shago ya yi sanyi.

Wanda aka fi mantawa shi ne mai injin bugawa. Kullum mutane na zuwa masa da rubutu a takardar makaranta suna son bash ko kalanda, shi kuma injinsa ne gabansa, ba ya da lokacin zama ya tsara. In ya san fayil ɗinka ba ya ba shi ciwon kai, shi zai riƙa kiranka. Haka masu ɗaukar hoton biki da masu buga riguna. Mutum biyu irin waɗannan sun fi maka mabiya dubu.

Aiki kuma yana da kaka kamar gero. Makarantu masu zaman kansu suna neman afish da takardun shiga kafin komawa lakwal a Oktoba, don haka a Agusta ake zuwa musu, ba ranar da aka buɗe ba. Kalanda tun Nuwamba. Islamiyyu suna da lokacin walimar sauka. Ƴan kasuwa kafin azumi, bukukuwan aure bayan Sallah. Ɗaliban Jami'ar André Salifou suna da nasu lokacin na bangon kundin kammala karatu da rigunan ƙungiya. Kuɗinsu kaɗan ne, amma su ne gobe za su zauna a ofisoshin da ke ba da babban aiki.

Game da Fiverr da ire-irensa, ban hana kowa ba. Ka dai sani Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ka, kana gogayya da dubban mutane daga Pakistan zuwa Indonesiya, kuma da Ingilishi ake yawancin cinikin. Kafin ka ɓata wata uku kana jiran saƙo, ka fara tabbatar da hanyar da kuɗin zai bi ya iso hannunka a Damagaram. Na gida kuwa, ko yana Tanut ko Magarya, ta Nita ko Amana ko Airtel Money kafin ka gama shayi ya shigo.

Zanen da ya yi kyau a salula ya mutu a takarda

Nan ma ana kuka, amma gyaransa ya fi sauƙi don ilimi ne kawai. Gilashin waya da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin bugawa da tawada huɗu yake aiki, CMYK, ko CMJN a bakin waɗanda suka koya da Faransanci. Koren nan mai ƙyalli da shuɗin da ke ɗaukar ido a waya, tawada ba ta iya su. Su fito a dushe, mai aiki ya ce ka cuce shi. Ka fara aikin bugawa a CMYK, kuma in babba ne ka biya a buga maka ɗan guntu ka gani da idonka. Kati da takardar talla suna son 300 dpi. Bash da za a hanga daga tsallaken titi bai buƙatar haka. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kada ka kai rubutu bakin takarda. WhatsApp yana matse hoto in ka tura shi a matsayin hoto, don haka ka tura PDF a matsayin fayil. Tambari kuma a zana shi a Illustrator ko CorelDRAW ko Inkscape, yadda zai hau hatimi ya hau bangon shago bai farfashe ba. Wanda aka haɗa a PixelLab, ana faɗaɗa shi ya zama dambu.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: tambarin da ka ɗauko daga shirye-shiryen Canva ka sauya suna, ba na mai shagon ba ne shi kaɗai, kuma ƙa'idar Canva ba ta yarda a yi rajistar irinsa a matsayin alamar kasuwanci ba. Ran da kasuwarsa ta girma ya nufi rajista a OAPI, ƙungiyar da Nijar ke ciki mai hedikwata a Yawunde, ko ran da ya ga irin tambarinsa a kan buhun wani, sunanka zai fara kira.

Rubutu ya fi launi kunyata mutum. Na taɓa buga bash na wani taro, mita huɗu, an rataya shi, sai ga "Barka da zuwa manyan baki". Salon harafin da na zaɓa ba shi da ƙ, ni kuma na ce ai kowa zai gane. An gane ɗin, an kuma yi dariya, na sake bugawa da kuɗina. Bash ya koma bashi. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, aikin rubutun Hausa sai ƙaruwa zai yi, kuma wanda ya iya ƙ da ɗ da ɓ da ƴ zai ci kasuwar. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su, kyauta ne. Ka gwada haruffan huɗu kafin ka ƙaunaci kowane salo, sannan ka mai da rubutun zane kafin ka kai wurin bugawa, kada kwamfutarsu ta musanya shi. Larabci ya fi haɗari: manhajar da ba a saita ba tana rarraba haruffan ta jera su daga hagu. Aya ko addu'a ba ta fita hannunka sai malami ya duba. Sunaye da lambobin waya da ranar biki kuwa, mai aikin ne zai karanta ya rubuto maka "na gani, a buga". Wannan saƙon shi ne shaidarka.

Aikin ƴan'uwa ba zan daɗe a kansa ba, kowa ya san shi. Kawu ba a yi masa faktir. Amma ka ware: wanda za ka yi don zumunci ka yi shi da zuciya ɗaya a lokacin da ba ka da na kuɗi, kuɗin bugawa kuma nasa ne. Wanda ya ce ka yi masa kyauta zai tallata ka, ka tambaye shi mutum nawa ya taɓa kai wa telansa a madadin kuɗin ɗinki.

Ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu suna biya da kyau, sai dai ba sa ba mutum aiki don ya iya kawai. Za su nemi takardar farashi a rubuce, da faktir, da lambar haraji ta NIF, galibi har da rajistar kasuwanci. Da yawa cikinmu mun fi wanda ya ci kwangilar iyawa, shi ya karɓa da takardunsa ya ba mu muka yi a kan kuɗin goro. In ka fara jin ƙamshin irin wannan aiki, ka je ka yi takardunka. Ka kuma shirya jira, don kuɗinsu yana bin sa hannu bayan sa hannu. Kada ka ci bashin bugawa da sunan za a biya ka jibi.

Ka ajiye kowane aiki wuri biyu, da sunan mai shi da shekara. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu da kuran mai zuwa yana tafiya ba sa barin kwamfuta ta tsufa. Mai makarantar da ka yi wa afish bara zai dawo bana ya ce a sauya shekara kawai; in fayil ɗin yana nan, aikin minti goma ne da kuɗinsa, in ya ɓace ka koma farko, shi kuma ya koma wurin wani.

Ni yanzu littafi gare ni irin na telan nan, mai bangon kwali. Kowane shafi mutum ɗaya: abin da na yi masa, nawa ya biya, wane wata ya zo, ko ya cika alkawari ko sai da na yi ta sintiri. In Sha'aban ya kama sai in buɗe in ga waɗanda suka zo kafin azumin bara, in bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa: "Hajiya, ina wuni, ya kasuwa? Takardun robar nan na bara, da saura ko a ƙaro?"