Yadda Ake Yankar RAM A Mayar Da Shi Faifai Mai Gudu Ba Tare Da An Yi Asarar Fayil Ba

Kafin ka sauke wata manhaja, fara duba yawan RAM ɗin da ke cikin kwamfutarka, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta. In gigabait 8 ne ko ƙasa da haka, ka haƙura da wannan aikin, ka sayi SSD kawai, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa. In 16 ne, kana iya yankar 2 zuwa 4. Daga 32 zuwa sama ne abin yake fara daɗi. Wannan ƙa'idata ce, kuma waɗanda na ga sun tsallake ta yawanci sukan dawo suna ƙorafin kwamfuta ta ƙara nauyi. Dalilin a fili yake. Duk abin da ka ba faifan RAM, daga bakin manhajojinka ka ƙwace shi, in kuwa wuri ya yi musu kaɗan, Windows ko Linux za su fara kwashe kayan ƙwaƙwalwa suna zubawa a kan faifan nan mai nawa da kake gudu.

Abin da za mu yi shi ne mu ware wani yanki na RAM, kwamfuta ta riƙa ganinsa kamar faifai, da folda da fayil da komai. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yakan ba da megabait 100 zuwa 200 a sakan. SSD na SATA yana tsayawa wajen 550. SSD irin NVMe a kan PCIe 4.0 yana kai wajen 7,000. Shi kuwa RAM irin DDR4-3200, layi ɗaya kawai, gigabait 25.6 ne a sakan a takarda. Ba za ka taɓa ganin wannan adadin cif a faifan RAM ba, don manhajar da ke tsakani tana cin nata rabon. Inda bambancin ya fi fitowa ma a ƙananan fayiloli ne masu yawa: faifai mai juyawa sai ya motsa allurarsa ya jira wurin ya zagayo, abin da ke ɗaukar milisakan da dama, RAM kuma a nanosakan yake amsawa.

Dabarar tsohuwa ce. Tun 1984 IBM ta sa VDISK.SYS a cikin PC DOS 3.0 don wannan aikin. A 2005 kuma Gigabyte ta fitar da wani kati mai suna i-RAM, mai ramuka huɗu na DDR, yana ɗaukar gigabait 4, da batirinsa da ke riƙe bayanai na wasu sa'o'i in an ɗauke wuta. Amma ta igiyar SATA ta farko yake magana da kwamfuta, wadda ba ta wuce megabait 150 a sakan. Yau SSD mafi arha ya fi shi gudu, don haka kada ka ɓata kuɗinka wajen neman irin waɗannan katunan. Manhaja ta isa.

Zaɓi abin da zai shiga

RAM ba ya riƙe komai in babu wuta. Kamar allon aji yake, ana tashi an goge. Saboda haka abin da zai shiga faifan sai ya zama wanda in ya ɓace ba za ka ko ɗaga kai ba: ma'ajiyar wucin gadi ta burauza, foldar da manhajar gyaran hoto ko bidiyo take zuba tarkacenta, fayilolin da ke fitowa lokacin harhaɗa manhaja, ko babban zif da kake son warwarewa ka ɗauki abu biyu ka watsar da sauran.

Kada ka sa pagefile na Windows ko swap na Linux a ciki. Wuri ne a faifai da kwamfuta ke zuba kayan ƙwaƙwalwa lokacin da RAM ya cika, to in ka mayar da su cikin RAM ɗin, me ka yi ke nan? Foldar TEMP ta Windows ma ni ba na taɓa ta. Akwai manhajojin da in ana girka su suke ajiye fayil a can, su sake kunna kwamfuta, su dawo nemansa. In sun tarar wayam, girkin ya lalace, saƙon kuskuren da za su nuna maka kuma ba zai ambaci faifan RAM ba.

Ƙirƙiri faifan

A Linux ba ka buƙatar sauke komai:

`sudo mkdir /mnt/ram`

`sudo mount -t tmpfs -o size=4G tmpfs /mnt/ram`

In kana so ya riƙa dawowa duk lokacin da ka kunna kwamfuta, ƙara wannan layin a fayil ɗin /etc/fstab:

`tmpfs /mnt/ram tmpfs size=4G,mode=1777 0 0`

Kyawun tmpfs, wato tsarin faifan RAM da Linux ke zuwa da shi, shi ne ba ya cin gigabait huɗun nan take, iyakar abin da ka zuba shi yake ci. In ba ka rubuta girma ba, rabin RAM ɗinka ne iyakarsa. Ka sani kuma in wuri ya ƙure yana iya tura kayansa zuwa swap, sai dai daga Linux 6.4 an ƙara zaɓin noswap mai hana hakan. Za ka ga wasu suna cewa a yi amfani da ramfs. Kada ka bi su. Shi ba shi da iyaka, zai yi ta karɓa har kwamfuta ta sandare.

Windows ba ta zo da nata ba. ImDisk Toolkit kyauta ne kuma an daɗe ana amfani da shi, SoftPerfect RAM Disk kuma na kuɗi ne. A ImDisk, buɗe RamDisk Configuration, rubuta girman, ba shi harafin R don kada ya yi karo da filashi, zaɓi NTFS, ka kunna zaɓin da ke sa ya ci ƙwaƙwalwa gwargwadon abin da ke ciki. Yana ɗan rage gudu, amma ya fi a riƙe gigabait huɗu fanko.

A Mac layi ɗaya ne a Terminal:

`diskutil erasevolume HFS+ "RAM" $(hdiutil attach -nomount ram://8388608)`

Lambar nan yawan yankuna ne masu bait 512, don haka 2097152 gigabait ɗaya ne, 8388608 kuma huɗu.

Kwafe kaya waje, inda ake yin kuka

Da a ce mutane za su tsaya a kan tarkace, da an gama. Amma ba sa tsayawa. Mutum zai ɗanɗana gudun, sai ya ce bari ya kai aikinsa na gaske can, ya riƙa kwafewa zuwa faifai in ya gama. To a nan ne na ga an yi asarar aikin makonni, kuma ba ɗauke wuta ne ya fi jawo ta ba. Umarnin kwafen da mutum ya rubuta da hannunsa ne.

Ga yadda abin yake faruwa. Ya tsara abu biyu: in kwamfuta ta tashi, a kwaso kaya daga foldar ajiya zuwa RAM, kowane minti goma sha biyar kuma a mayar da abin da ke RAM zuwa ajiya. Don ajiyar ta zama daidai da RAM sak, sai ya ƙara `--delete` a rsync, umarnin kwafe na Linux, ko `/MIR` a robocopy, takwaransa na Windows. Ma'anar waɗannan biyun ɗaya ce: duk fayil ɗin da babu shi a tushe, a share shi a inda ake kaiwa. Wata rana kwamfuta ta tashi, kwason farko bai yi ba, wataƙila faifan ajiyar bai gama haɗuwa ba ko an canza sunan folda. Faifan RAM yana nan fanko. Minti goma sha biyar na cika, umarni na biyu ya duba, ya ga babu komai a tushe, ya share ajiyar tas. Ba ya tambaya, kuma abin da ya share ba ya zuwa kwandon shara.

Maganinsa fayil ɗin shaida ne, wanda ba a ƙirƙirarsa sai kwason farko ya kammala lafiya:

`rsync -a ~/ajiya/ /mnt/ram/ && touch /mnt/ram/.shaida`

Sannan wajen mayarwa:

`test -f /mnt/ram/.shaida && rsync -a --delete --exclude .shaida /mnt/ram/ ~/ajiya/`

Alamar `&&` tana nufin kada a yi na biyu sai na farko ya yi nasara. Lura da `--exclude` ɗin nan, ba ado ba ne. In shaidar ta shiga ajiya, gobe za a kwaso ta tare da sauran kaya, ko da kwason ya yanke a tsakiya, sai ta riƙa ba da shaidar zur. Lura kuma da alamar `/` da ke ƙarshen sunan folda. A rsync, `/mnt/ram/` na nufin abin da ke cikin foldar, `/mnt/ram` kuma foldar kanta, in ka manta shi za ka sami folda cikin folda.

A Windows ni ban yarda da `/MIR` a wannan aikin ba sam. Yi amfani da `/E`, wanda ke kwafewa bai share komai:

`robocopy R:\aiki D:\ajiya /E`

Tsofaffin fayiloli za su taru a ajiya, ka share su da hannunka ranar da ka sami sarari. Kowanne ka zaɓa, fara gwada shi a bushe: `-n` tare da `-v` a rsync, `/L` a robocopy. Za su jero maka abin da za su yi ba tare da sun taɓa komai ba. Karanta jerin har ƙasa.

Akwai wani tarkon na masu Windows. ImDisk yana da zaɓin ajiye kaya lokacin kashe kwamfuta, mutane kuma suna dogara da shi kacokan. Amma tun Windows 8 akwai Fast Startup, wanda ke sa kashewa ta zama rabin kashewa, kuma in yana kunne wannan ajiyar ba ta aiki yadda ake zato. Shiga Control Panel, Power Options, wurin da ake zaɓar aikin maɓallin wuta, ka cire masa alama. Ko ka cire ɗin ma, ajiyar lokacin kashewa tana amfani ne in an kashe cikin tsari. In allo ya yi shuɗi ko kwamfuta ta sandare ka danne maɓalli, babu wanda ya ajiye maka komai. UPS da batirin laftof suna kare ka daga ɗauke wuta ne kawai, ba daga wannan ba. Shi ya sa kwafe na lokaci-lokaci ya zama dole, ta mai tsara lokacin aiki, wato cron a Linux ko Task Scheduler a Windows, ka kuma amince cewa aikin da ka yi a cikin tazarar da ka zaɓa yana iya salwanta. Fayil ɗin da manhaja take tsakiyar rubutawa, musamman rumbun bayanai, in an kwafe shi a lokacin yana iya fitowa a gurguje, don haka rufe manhajar ka yi kwafe ɗaya na ƙarshe kafin ka tashi.

Sauran aikin

Juya manhajoji zuwa faifan ba wuya. A Chrome, ƙara `--disk-cache-dir=R:\kash` a ƙarshen layin Target na gajerar hanyarsa. A Firefox ma ba sai da faifan ba: shiga about:config ka mayar da browser.cache.disk.enable zuwa false, zai koma ajiya a ƙwaƙwalwa. Sai dai duk kunnawa burauza zai sake sauko da abin da da yana ajiye, in datarka ta awo ce ka yi lissafi. Manhajojin hoto da bidiyo suna da wurin zaɓar faifan tarkace a cikin saitinsu, nuna musu R ko /mnt/ram.

Wajen gwaji, CrystalDiskMark, mai auna gudun faifai, zai nuna maka lambobi masu faranta rai, amma agogo ya fi shi gaskiya. Ɗauki aikin da kake yi kullum, auna shi a SSD, auna shi a RAM, kowanne sau biyu. Sau biyun yana da dalili: Windows da Linux da Mac duk suna riƙe fayilolin da aka karanta kwanan nan a cikin RAM da kansu, don haka zagaye na biyu a SSD yakan matso kusa da faifan RAM sosai. In aikin furosesa yake jira, kamar matse bidiyo, ba za ka ga wani bambanci ba. In tazarar sakan biyu ce ko uku a kan NVMe, kwance faifan da `sudo umount /mnt/ram`, goge layin fstab, ko ka cire shi daga ImDisk, ka mayar wa manhajojinka ƙwaƙwalwarsu.